Yawon tsibiran Karebiyan a jirgin ruwa: wane kamfani ne ya fi sauƙi idan an haɗa komai da komai?

Maman Nabila:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna shirin hutun kwana bakwai a jirgin ruwan shaƙatawa zuwa tsibiran Karebiyan, mu huɗu: ni da maigida da yara biyu, ɗaya shekara 7, ɗaya 11. Na duba shafukan Carnival da Royal Caribbean da MSC da Norwegian da Disney, amma kaina ya ɗaure. Wani ya rubuta kusan dala 600 kowane mutum, wani ya haura 1,800, alhali tsibiran da za su tsaya kusan iri ɗaya ne. Me ke kawo wannan tazarar? Shin kuɗin da suke rubutawa shi ke nan, ko akwai wanda zai biyo baya? Ba ma shan barasa, ba ruwanmu da gidan caca. Abin da muke so shi ne bakin teku mai tsabta da abin da zai ɗebe wa yara kewa. Don Allah wanda ya san harkar ya warware mini.

Abu Safwan:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a zo ga sunan kamfani, a fara da lissafi, don a nan gizo ke saƙar. Kuɗin da ake tallatawa na mutum ɗaya ne, a ɗaki mafi arha wanda ba shi da taga, bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ciki. Ya ƙunshi makwanci, abinci a babban ɗakin cin abinci da wurin ɗibi-da-kanka, wuraren ninƙaya, wasannin dare, da sashen kula da yara. Abin sha na kyauta shi ne ruwan famfo, shayi, kofi na gama-gari da ɗan lemun da ake zubawa a wurin ɗibi-da-kanka. Duk abin da ya wuce nan, kuɗi ne.

Na farko haraji da kuɗin tashoshi. A tafiyar kwana bakwai yakan kama daga kusan dala 100 zuwa 250 kan kowane mutum, har da yara. Tun watan Yulin 2024, saboda wata dokar jihar Kalifoniya, manyan kamfanonin suna haɗa shi a cikin farashin da suke nunawa a shafukansu na Amurka, amma shafukan dillalai na wasu ƙasashe har yanzu sukan ware shi gefe. Ki tabbata kina kwatanta farashi mai haraji da wani mai haraji.

Na biyu tukwicin ma'aikata. Ba hannu da hannu ake bayarwa ba, kullum ake rubuta shi a asusun ɗakinku kai tsaye, tsakanin dala 16 zuwa 20 kan kowane mutum, na manyan ɗakuna na alfarma kuma ya fi haka. Royal Caribbean na karɓar cikakke ko daga jinjiri ne. A wasu hanyoyinta MSC na karɓar rabi daga yaran da ba su kai 12 ba, sai ki duba ko naku biyun sun shiga wannan rangwamen. Sannan duk abin shan da aka saya da duk hidimar tausa ko gyaran gashi, ana ɗora kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari a kai.

Ga misali da alƙaluman da na ƙaddara don ki ga tsarin, ba farashin wani jirgi ba ne. Manya biyu a dala 600 kowanne, yara a 300 kowanne, 1,800 ke nan. Haraji 170 sau huɗu, 680. Tukwici dala 18 sau kwana 7 sau mutum 4, 504. Intanet na waya ɗaya a dala 20 kullum, 140. Kunshin lemun gwangwani na mutum huɗu a dala 12 kullum tare da kashi 18 ɗin, kusan 396. Yawon cikin tsibiri sau uku a dala 80 kowane mutum, 960. Otal na daren jajibiri 220, mota tsakanin filin jirgi da otal da tasha 100, inshora 250. Jimla dala 5,050, ban da tikitin jirgin sama. Wanda ya ga 600 a talla ya ninka sau huɗu zai zaci 2,400 ta isa.

To haka za ki yi wa kowane kamfani. Ki buɗe shafinsa, ki sa mutum huɗu da shekarun yaran, ki bi har shafin ƙarshe kafin biya, ki rubuta jimlar, ki ƙara tukwici da abin da kika san za ku saya, sannan ki raba da kwanakin. Wannan adadin na kowane dare shi ne abin kwatance.

Garaɓasar nan ta "yara kyauta" kuma, kuɗin makwanci kaɗai ake yafewa. Haraji da tukwici suna nan daram, kuma yawanci ba ta aiki a makonnin hutun makaranta, lokacin da aka fi buƙatarta.

Hajiya Turai:

Malam ya gama magana a kan lissafi, bari in taɓa kamfanonin.

MSC ce ta fi yawan fitowa a ƙasan jeri. Jiragenta masu tashi daga Miami da Port Canaveral a jihar Florida ta Amurka manya ne kuma sababbi, tsibirinta na Ocean Cay a Bahamas kuwa fili ne na yashi da ruwa garau, babu hayaniya, wani lokaci jirgi yakan kai dare a can. Sai dai ki lura da matakan tikitinta. Bella ne mafi arha, amma kamfani ke zaɓa miki ɗaki, kuma zaɓin lokacin cin abincin dare sai abin da ya rage. Fantastica na ba ki damar zaɓen ɗaki. Ga mai yara biyu, wannan ɗan ƙarin ya cancanta. Fasinjojinta daga ƙasashe da yawa suke, don haka a wasu jiragen sanarwa takan zo da harsuna fiye da ɗaya, kuma masu ƙorafi sun fi kuka da cunkoso a wurin ɗibi-da-kanka.

Carnival na biye mata a arha. Abin da ta fi kowa a ajinta shi ne wuraren cin abinci na kyauta barkatai a bakin wurin ninƙaya, da faɗin ɗaki: ɗakinta marar taga yakan kai kusan murabba'in mita 17, na wasu kamfanonin kuwa 13 zuwa 15 ne. Mutum huɗu a ɗaki ɗaya za su ji wannan bambancin. Tana kuma barin kowane fasinja ya shiga da lemun gwangwani 12 a jakar hannu ranar hawa, wanda zai iya soke wancan 396 na lissafin Malam. Gargaɗi ɗaya: tafiyoyinta na kwana uku ko huɗu na ƙarshen mako na 'yan sharholiya ne. Na kwana bakwai sun fi dacewa da iyali. A Yulin 2025 ta buɗe wurin shaƙatawarta na Celebration Key a tsibirin Grand Bahama.

Royal Caribbean kuwa, a nan ne tazarar da kika gani take. Kamfani ɗaya ne, amma farashin jirginta Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024 kuma yake iya ɗaukar fasinja har 7,600, yakan ninka na tsofaffin jiragenta irin su Freedom ko Adventure, ko ma ya fi ninki, a mako ɗaya kuma kusan hanya ɗaya. Tsofaffin nan suna da bangon hawa, filin zamiyar ƙanƙara da na'urar hawa igiyar ruwa, wanda ya ishi ɗan shekara 11 murna. A tsibirinta na CocoCay, bakin teku da babban wurin ninƙaya da abincin rana kyauta ne, amma filin wasan ruwa mai dogayen zamiya sai an biya, kuma a lokacin cunkoso yakan haura dala 100 kan mutum ɗaya.

Norwegian ba na ba ku shawararta, ba don ba ta da kyau ba. Tsarinta shi ne ta ɗaga farashi sannan ta ce ta haɗa miki da abin sha, intanet na 'yan mintuna da cin abinci sau ɗaya ko biyu a gidajen abinci na musamman. Banza ba ta kai zomo kasuwa: kunshin abin shan ana biyan kuɗin hidimarsa daban kowace rana, kuma darajarsa kusan duk a barasa take. Wanda ba ya sha ya cire shi tun a wajen rajista. Tukwicinta ma yana saman jeri. Inda ta yi fice shi ne ba a ɗaure mutum da lokacin cin abinci, kuma tana da ƙananan ɗakuna na mutum ɗaya, abin da ke ceton mai tafiya shi kaɗai daga biyan kuɗin mutum biyu. Haka kunshin Princess Plus na kamfanin Princess yake: ya haɗa tukwici da intanet da abin sha, amma ga marar shan barasa da wuya ya fanshi kuɗinsa.

Disney ita ce mai tsada, sau da yawa takan kusa ninka Royal Caribbean a mako ɗaya. Gaskiya tana ba da abin da ta karɓi kuɗi a kai: babu gidan caca, lemu kyauta ne a wurin cin abinci da bakin wurin ninƙaya, yawancin ɗakunan an raba bayan gida da wurin wanka, sashen yara kuma babu kamarsa. Tsibirinta Castaway Cay yana cikin mafi kyau. Amma idan yaran ba su damu da 'yan wasan kwaikwayon kamfanin ba, rabin kuɗin ya tafi a abin da ba za su mora ba.

Virgin Voyages ki cire ta, ba ta ɗaukar ƙasa da shekara 18. Celebrity da Holland America sun fi dacewa da manya masu son natsuwa.

Da ni ce zan zaɓa muku, tsohon jirgin Royal Caribbean ko sabon jirgin MSC, wanda jimlarsa ta fi sauƙi a makon da kuka tsayar.

Kawu Ilu:

Hajiya Turai ta yi bayani mai kyau, amma ina ganin an fifita jirgi a kan tsibiri, alhali Maman Nabila bakin teku ta ce tana so. Kuma watan tafiya da hanya sun fi sunan kamfani tasiri a kan farashi.

Ɗaki ɗaya a jirgi ɗaya, kuɗinsa a makon Kirsimeti da sabuwar shekara yakan ninka na watan Satumba. Maris da Yuni da Yuli ma da tsada saboda hutun makarantun Amurka. Mafi arha su ne Satumba, Oktoba, farkon Disamba da tsakiyar Janairu. Arhar Satumba da dalili: lokacin guguwar Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma ta fi ƙarfi daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Jirgi ba ya shiga guguwa, kauce mata yake yi, amma yarjejeniyar tikiti ta ba kyaftin ikon canza tasha ba tare da diyya ba, sai dai a mayar da harajin tashar da aka tsallake. Mai son St. Maarten sai ya tsinci kansa a Cozumel. Farkon Disamba ne ya haɗa arha da kwanciyar hankali.

Hanyoyi uku ne. Ta yamma tana bi ta Cozumel da Costa Maya a Meziko, Roatán a Honduras, Grand Cayman, Belize ko Jamaika. Ita ce mafi arha, kuma ta fi kyau ga mai son leƙa murjani da kifaye. Matsalarta biyu: a Grand Cayman da birnin Belize jirgi ba ya matsowa gaɓa, yana tsayawa a nesa a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage, kuma idan teku ta ɗan tashi sai a fasa tsayawar gaba ɗaya. Sannan daga bazara zuwa ƙarshen damina ciyawar teku mai wari takan rufe gaɓar Costa Maya. Ta gabas tana zuwa St. Thomas, St. Maarten, San Juan ko Puerto Plata, yashinta ya fi kyau, amma nisa ya sa akan yi wuni biyu ko uku a tsakiyar teku. Ta kudu ita ce ta masu son tsibirai da gaske: idan aka tashi daga San Juan, a kwana bakwai akan tsaya a tashoshi biyar, irin su Barbados, St. Lucia da Antigua, ko Aruba da Curaçao waɗanda ke kudu da hanyar da guguwa ta saba bi. Manya-manyan jiragen nan na zamani tashoshin da za su iya ɗaukarsu kaɗan ne, shi ya sa kullum suna zagaye wurare ɗaya.

Wancan 960 na yawon tsibiri kuma ana iya rage shi sosai. A St. Thomas tasi ce za ta kai ku Magens Bay, a biya ɗan kuɗin shiga. A St. Maarten bakin tekun Great Bay yana daf da tasha, da ƙaramin jirgin haya ko da ƙafa. Amfanin sayen yawo daga kamfanin jirgi ɗaya ne: idan motarsu ta makara, jirgi zai jira. Don haka a saya daga wurinsu idan tafiyar mai nisa ce, kamar tsallakawa daga Cozumel zuwa kufan Tulum, wanda sai an hau jirgin fito sannan mota. Bakin teku na kusa kuwa, ku je da kanku ku dawo saura awa ɗaya da rabi.

A kula da agogo. Daga Maris zuwa farkon Nuwamba, Cozumel tana bayan Florida da awa ɗaya. Waya takan juya da kanta zuwa lokacin gari, jirgi kuwa sau da yawa yana nan a kan nasa. Wayarki ta nuna ƙarfe huɗu, a jirgi biyar ta yi, an janye tsani. Ku sa agogon hannu a kan lokacin jirgi.

Maman Nabila:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru matuƙa. Saura tambaya biyu: ɗaki mai baranda ya cancanci ƙarin kuɗinsa? Kuma yaya batun takardu, tunda fasfonmu ba na Amurka ba ne?

Abu Safwan:

Amin Hajiya. Baranda tana da daɗi a hanyar gabas mai yawan wuni a teku. A hanyar kudu, inda kullum kuna waje, ɓarnar kuɗi ce. Kafin ki biya mata, ki duba farashin ɗakuna biyu marasa taga masu ƙofa a tsakani. Wani lokaci tazararsu da ɗaki ɗaya mai baranda ba ta da yawa, ga bandaki biyu, ga kowa da gadonsa a ƙasa maimakon gadon da ake saukowa da shi daga rufi. Ɗakunan mutum huɗu ƙalilan ne, kuma jirgi ba ya wuce adadin da jiragen ceto za su ɗauka, don haka su ne ke fara ƙarewa. Ku yi rajista wata shida zuwa tara kafin tafiya.

Ki buɗe taswirar benayen jirgin ki zaɓi ɗakin da sama da ƙasansa duk ɗakuna ne. Ƙarƙashin wurin ninƙaya ana jan kujeru tun asuba, saman gidan rawa kuma kiɗa har tsakar dare. Mai saurin jiri ya nemi tsakiyar jirgi a bene na ƙasa, don goshi da saman jirgi ne suka fi lilo.

Takardu kuwa, a nan aka fi yin asara, don wanda aka hana hawa saboda biza ba a mayar masa da ko sisi. Fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ranar dawowa. Idan daga Miami, Fort Lauderdale, Port Canaveral ko Galveston za a tashi, kuma fasfonku na buƙatar bizar Amurka, dole ta zama mai shiga sau da yawa, don dawowar jirgi sabuwar shiga ce. San Juan da St. Thomas ƙasar Amurka ne, ko ba za ku sauka ba ana neman bizar. Kowace ƙasar da ke kan hanya kuma tana da nata ƙa'idar ga fasinjan jirgin ruwa gwargwadon fasfonsa, wasu suna yafewa, wasu ba sa yi, kuma kamfani ya ɗora nauyin binciken a wuyanku. Wanda ba shi da bizar Amurka yana da mafita a lokacin hunturu: MSC na tashi daga Martinique da Guadeloupe, tsibiran Faransa, kamfanin P&O kuma daga Bridgetown a Barbados. Sai dai bizar Shengen ta ƙasashen Turai ta yau da kullum ba ta aiki a tsibiran Faransa na Karebiyan sai an rubuta hakan a jikinta, kuma jirgin saman da zai yada zango a Amurka shi ma yana buƙatar biza ko da awa biyu za a yi.

Saboda haka ki bi wannan jerin: ki kama ɗaki da kafin alƙalami irin wanda ake mayarwa, ko da ya ɗan fi tsada, ki nemi biza, sannan ki cika kuɗin. Ranar cikawa tana faɗowa kwana 75 zuwa 120 kafin tashi, gwargwadon kamfani da tsawon tafiya. Bayanta tarar fasawa tana hauhawa, har ta cinye kuɗin duka a makonnin ƙarshe. Idan farashi ya sauka kafin wannan ranar, ana iya kira a nemi a daidaita.

Ummu Hani:

Ƙananan abubuwan da ke cin kuɗi ba a sani ba. Ku isa garin tasha kwana ɗaya kafin hawa, jirgin ruwa ba ya jiran jirgin saman da ya makara. Na komawa kuma kada ya zama kafin azahar. Da an bar gaɓa a kashe layin waya a bar intanet ɗin jirgi kaɗai, don eriyar da ke cikin jirgin ta tauraron ɗan'adam ce, kuɗinta na fitar hankali ne. Intanet da kunshin lemu sun fi arha idan an saya a shafin kamfani kafin tafiya. Katin bashi ya fi katin cire kuɗi, saboda jirgi yana riƙe wani adadi a kai, kuma banki kan ɗauki kwanaki kafin ya sake shi.

Asibitin jirgi na kuɗi ne, nan take ake rubutawa a asusun ɗaki, kuma ɗauke marar lafiya daga tsibiri da jirgin sama yakan kai dubban daloli masu yawa. Inshorar ta ƙunshi jinya a ƙasar waje da kwashe majinyaci, ba fasa tafiya kaɗai ba. Cutar amai da gudawa da ke yaɗuwa a jirage ba ta jin man goge hannu sosai, sabulu da ruwa ne maganinta kafin kowane cin abinci. Ba a ɗaukar mai cikin da za ta shiga mako na 24 yayin tafiya, ko jaririn da bai kai wata shida ba. Dutsen guga, butar lantarki da wayar jona mai kariyar hauhawar wuta duk ana ƙwace su a bakin shiga.

Kawu Ilu:

Tunda wani zai iya tambayar tsibiran Hawai na Amurka da ke tekun Pasifik: jirgin Pride of America na Norwegian ne kaɗai babban jirgin da ke zagaya tsibiran a kwana bakwai daga Honolulu duk shekara. Dokar Amurka ta 1886 ta hana jirgi mai tutar waje jigilar fasinja tsakanin tashoshinta ba tare da ya taɓa wata ƙasa ba, shi kuwa tutar Amurka yake ɗauke da ita, da ma'aikata a kan albashin Amurka, shi ya sa kuɗinsa ya fi na Karebiyan nesa ba kusa ba. Sauran kamfanonin galibi daga Kalifoniya suke tasowa, tafiyar kusan kwana 15, wadda fiye da rabinta a tsakiyar teku ake yi, da ɗan tsayawa a Ensenada ta Meziko don cika sharaɗin dokar.